Baƙin Katakon Da Ke Jikin Sandar Sinuka: Tarihinsa Da Abin Da Ya Haɗa Shi Da Kanya Da Madobiya

  Waɗanda data ta hana su sauraro, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau tarihin wani abu za mu bi wanda da yawanku kun sha riƙe shi a hannu, amma da wuya a samu wanda ya tsaya ya ƙare masa kallo. Sandar sinuka nake nufi. Teburin sinuka yanzu ya wuce Kano da Kaduna, ya shigo har irin garuruwanmu, Kazaure, Babura, Roni, Gwiwa. Rumfa ce, da ƙwan lantarki ɗaya, da matasa sun kewaye tebur ana jiran layi.

To in ka sake zuwa, kafin ka buga, ɗaga sandar ka duba. Wajen bakinta fari ne ko ruwan ƙasa mai haske. Wajen mariƙinta kuma baƙi ne, kuma baƙin yakan haura sama da tsini huɗu kamar bakin mashi. Me ya sa baƙi? Me ya sa ba ja ko kore ba? Amsar wannan tambaya za ta kai mu Masar ta Fir'auna, ta kai mu Faransa da Indiya, ta biyo da mu ta dajin Kamaru da na Taraba, sannan ta sauke mu a gonakinmu na nan gida.

Bari mu fara da wasan kansa. Abin da muke bugawa a rumfunanmu, mai ƙwallaye 15 masu lamba ko masu launi biyu da baƙa guda, ainihinsa shi ne wanda Turawa ke kira pul. Sinuka ta asali teburinta ya fi girma nesa ba kusa ba, tana da jajayen ƙwallaye 15, da masu launi 6, da fara guda. Amma mu duk mun haɗa mun ce sinuka, kuma ba laifi, don uwarsu ɗaya. Sunan uwar biliyad, wasan da sarakunan Faransa ke yi tun ƙarni na 15. Daga fili aka ɗauko shi aka ɗora a kan tebur, shi ya sa har yau ƙyallen teburin kore ne, kwaikwayon ciyawa.

A farko ba da siririyar sanda ake bugawa ba. Wata sanda ce mai faffaɗan kai kamar ludayi, tura ƙwallon ake yi da ita. Sai dai in ƙwallo ta manne da bangon tebur, faffaɗan kan ba ya shiga, sai mai wasa ya juya sandar ya buga da wutsiyarta. A hankali aka gane ai wutsiyar ta fi kan iya aiki. Sunan da Turawan Ingila ke kiran sandar da shi a yau ma daga kalmar Faransanci ya fito, kuma ma'anarta wutsiya.

Wajen 1807 wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, ya manna 'yar fata a bakin sandar. Ana cewa yana tsare a kurkuku ya yi ta gwaji har ya dace. Wannan 'yar fatar, da allin da ake goga mata, su ne suka sa ake iya murza ƙwallo ta dawo baya ko ta karkata gefe. A 1826 John Thurston na Landan ya fara shimfiɗa faifan dutse a ƙarƙashin ƙyallen maimakon katako, don dutse ba ya lanƙwasa. Sinuka kuwa a Indiya aka haife ta, a garin Jabalpur, a 1875, a wajen hutawar hafsoshin sojan Ingila. Wanda ake danganta ta da shi sunansa Neville Chamberlain, amma ba Firayim Ministan nan na lokacin Hitler ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Kalmar sinuka ɗin ma zolaya ce da sojoji ke yi wa sabon kurtu. Daga nan wasan ya bi hafsoshi da jami'an mulkin mallaka zuwa kulob-kulob ɗinsu a duk inda tutar Ingila ta kafu.

Ga wani abin dariya. A 1938, a wani wasa a Landan, wani ɗan wasa mai suna Alec Brown ya ga farar ƙwallonsa ta shige tsakiyar jajaye, ba ta inda doguwar sanda za ta kai. Sai ya zaro wata 'yar sanda mai tsawon biro daga aljihu, ya goga mata alli, ya buga. Alƙalin wasa ya ce laifi ne. Daga nan aka kafa doka cewa sanda ba za ta gaza ƙafa 3 ba. Ta yau takan kai kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta kuma kusan rabin kilo.

Yawwa, wannan maganar nauyi ita ce ta kawo mu kan baƙin katako.

Sanda mai kyau tana buƙatar abu biyu da ba a cika samunsu a itace ɗaya ba. Gabanta ya zama miƙaƙƙe, marar nauyi, mai ɗan bayarwa in an buga. Bayanta kuma ya zama mai nauyi, don sandar ta zauna daram a hannu, bugu ya tafi da ƙarfi ba tare da an yi dambe da ita ba. Don gaban, Turawan Ingila suka zaɓi wani icen ƙasarsu da ake kira ash, Amurkawa kuma suka fi son mefil. Amma don bayan, itatuwansu ba su kai ba. Sai suka waiwayo ƙasashe masu zafi, inda ake da itatuwa masu jinkirin girma da tauri kamar ƙarfe. Sarkinsu shi ne eboni, wanda Larabawa ke kira abnus. Baƙi ne wuluk, in an goge shi yana sheƙi ko ba a shafa masa komai ba, kuma guntunsa in ka jefa a ruwa sau da yawa nutsewa yake yi.

Yadda ake haɗawa shi ne a fiƙe ƙasan farin katakon ta fuska huɗu, a manna masa ɓallin eboni huɗu da gam, a ɗaure, a bari ya bushe, sannan a fere shi har ya zama kamar itace ɗaya. Shi ne tsinin nan huɗu da kuke gani. Masu sana'ar sukan ce in tsinin ya ɗan yi zagaye a sama aikin hannu ne, in ya yi kaifi kamar allura aikin inji ne. Kuma gwanayen ba sa gaggawa. Katakon yakan yi shekaru a ajiye yana bushewa, a fere kaɗan a ajiye, a sake ferewa a ajiye, don kada ya lanƙwashe bayan an sayar. Irin su John Parris na Landan, wanda ya yi wa manyan 'yan wasa sanduna har da Ronnie O'Sullivan, sai mutum ya yi dogon jira kafin layi ya zo kansa. A Amurka kuma sunan George Balabushka, wanda ya rasu a 1975, ya zama kamar tambari, masu tara kayan tarihi na sayen sandunansa da dubban daloli. Su Amurkawa ba su tsaya a eboni kaɗai ba, sun haɗa da kokobolo na Amurka ta Tsakiya da jajayen katakai na Brazil, suna yi wa mariƙin ado kamar zanen hula.

Amma fa kwaɗayin baƙin katako ya girmi sinuka da dubban shekaru. Kalmar eboni kanta daga harshen tsoffin Masarawa ta samo asali. Kimanin shekara 3,500 da suka wuce, sarauniya Hatshepsut ta aika jiragen ruwa zuwa ƙasar Punt, kuma a jikin bangon ɗakin bautarta da ke Deir el-Bahari an zana kayan da suka dawo da su, ciki har da baƙin katako da hauren giwa. A kabarin Tutankhamun an samu kujeru da akwatuna masu adon waɗannan abubuwa biyu. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya rubuta cewa mutanen da ke kudu da Masar suna kai wa sarkin Farisa gaisuwar gumagumai 200 na eboni da manyan haure 20. Ku riƙe wannan a ranku, baƙin katako da farin haure, tare suke tafiya tun fil azal, kuma za mu sake haɗuwa da su.

Da Turawa suka samu hanyar teku, sai abin ya tashi daga gaisuwar sarakuna ya zama kasuwa. A Faransa har yau sunan da ake kiran gwanin kafinta mai yin kayan alfarma daga kalmar eboni aka ciro shi. Misali mafi tsoratarwa shi ne tsibirin Morishus. Mutanen Holan sun zauna can daga 1638 zuwa 1710, kuma babban abin da ya zaunar da su shi ne eboni. Kafin su tashi sun sare mafi yawan wanda ke kusa da gaɓar teku. A zamanin nasu ne kuma tsuntsun nan dodo ya ƙare a duniya ƙaf. Tsarin ke nan da za ku ga yana ta maimaita kansa. A gano itace, a yi masa rubdugu, ya ƙare, a naɗe tabarma a koma gaba.

To ina maganar haure? Ai ita ƙwallon da ake bugawa da sandar, a ƙarni na 19, da hauren giwa ake fere ta. Kuma ba kowane haure ke yi ba, sai mai kyau marar tsaga, shi ma ƙwallayen da zai bayar ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ga maɓallan fiyano, ga mariƙin wuƙa, ga mataji, duk haure. A nan ne tarihin ya taɓo kakanninmu kai tsaye. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 fataken Hausawa sun yi suna wajen fataucin haure, suna shiga Adamawa har Banyo da Ngaundare a ƙasar Kamaru ta yau. Wani hauren ya bi ayarin raƙuma daga Kano zuwa Tarabulus tare da gashin jimina da fatu, wani ya bi Binuwai ya faɗa hannun kamfanonin Turawa. Falken da ya sha wahalar hanya ya karɓi ribarsa ya godewa Allah, amma babbar ribar tana can inda ake ferewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yau in kana son ganin giwa a arewacin Najeriya, galibi sai ka nufi Yankari a Bauchi, su ma 'yan kaɗan ne suka saura.

Da haure ya yi tsada, wani kamfanin kayan biliyad a New York, Phelan da Collender, ya sa kyautar dala 10,000 ga duk wanda ya samo madadinsa. Wani ma'aikacin ɗab'i, John Wesley Hyatt, ya duƙufa, kuma wajen 1869 zuwa 1870 gwaje-gwajensa suka haifar da seluloid, ɗaya daga cikin robobin farko a duniya. Ƙwallayensa na farko suna da matsala, don sinadarin da aka shafe su da shi ɗan uwan albarushi ne. Shi da kansa ya ba da labari cewa wani mai mashaya a Colorado ya rubuto masa yana cewa in ƙwallaye suka yi karo da ƙarfi sukan yi ƙara, sai kowa a ɗakin ya zaro bindiga. Daga baya, bayan Leo Baekeland ya ƙirƙiro bekalait a 1907, aka samu roba mai tauri da ta maye gurbin haure gaba ɗaya. Kun ga ke nan robar da ta cika mana gari, tun daga bokiti har leda, wasan tebur na cikin abubuwan da suka jawo ta.

Ƙwallo ta samu madadi. Sanda kuwa har yau masu kuɗi da gwanaye itacen gaske suke so.

Mafi yawan baƙin ebonin Afirka da ke kasuwa yanzu daga dazukan Kamaru da maƙwabtanta yake fitowa. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka, masu ƙera gita, tare da wani kamfanin Sifaniya mai suna Madinter, suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam a Yawunde. Mai kamfanin, Bob Taylor, ya ba da labarin abin da masu saran suka gaya masa. Ba a gane launin zuciyar itacen sai an kayar da shi. In an kayar aka ga baƙin yana da ratsin ruwan ƙasa ko fari, kasuwa ba ta biya da daraja, sai a bar shi a daji ya ruɓe. A ƙiyasinsu, sai an kayar da kusan 10 kafin a samu guda mai baƙi wuluk. Ku yi tunani, bishiyar da ta fi kakan mai saran shekaru, a kayar da ita a bar wa gara, saboda kawai launinta bai yi wa wani mai saye a wata nahiya ba. Kamfanin ya ce daga ranar zai riƙa sayen mai ratsin da farashi ɗaya da baƙin, kuma daga 2016 suka shiga aikin dasa sababbi tare da mutanen ƙauyukan yankin.

A wajen wannan aikin dashen ne masu bincike suka tabbatar da wani abu da ya kamata ya tsaya wa kowa a rai. Giwayen daji su ne manyan masu shuka eboni. Giwa ta haɗiye 'ya'yan, ta yi tafiya mai nisa, ta kasayar da ƙwallon a cikin kashinta, kashin ya kare shi daga ɓeraye har ya tsiro. Inda aka kashe giwaye, ƙananan bishiyun eboni sun ragu sosai. Wato a kan tebur ɗaya, ƙwallon ta ci giwar, sandar ta ci bishiyar, ashe giwar ce ke shuka bishiyar. Allah mai iko.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, mu da ba mu da dajin Kamaru? Ku biyo ni Taraba.

Akwai bishiyar da muke kira madobiya. Da rani takan zubar da ganye ta yi fure rawaya, in ka sare ta kuma wani jan ruwa ke fita kamar jini. Makiyaya sun san darajarta, don a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, ɗanyen ganyenta ne ke riƙe shanu. Tana ƙara wa ƙasa taki, ana magani da ita, kuma a Mali da Gini da ita ake yin balafon da gangar jembe. Shekara da shekaru tana nan ba wanda ya dame ta.

A can ƙasar Sin kuma akwai wata tsohuwar al'ada tun zamanin daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, ta yin kujeru da gadaje da jan katako mai nauyi da suke kira hongmu. Da arziki ya bunƙasa a Sin, masu kuɗi suka so irin kayan sarakunan da. A shekarar 2000 gwamnatinsu ta fitar da jerin itatuwa 33 da aka yarda a kira hongmu, kuma madobiya na ciki. Da na dazukan Asiya suka yi ƙaranci, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Suka bi ta Gambiya da kudancin Senegal, Gini Bisau, Ghana, Benin, ana gamawa da wannan ana tsallakawa waccan. Wajen 2013 zuwa 2014 guguwar ta iso Najeriya. Ta fara da kudu maso yamma da Kogi, ta gangaro Taraba da Adamawa. A Taraba sunan da aka laƙaba wa katakon shi ne Madrid. Garuruwa irin su Garba Chede da Bali suka cika da gumagumai da tireloli, matasa suka bar gona suka ɗauki injin yanka, ana lodi sai tashar jiragen ruwa ta Legas. Cikin 'yan shekaru Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen tura wa Sin irin wannan katako.

Akwai wata yarjejeniya ta duniya mai suna CITES, da aka sa wa hannu a Washington a 1973 don sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga. Ita ce ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. A taronta na Johannesburg a 2016 aka sa madobiya cikin jerin da ba a fitarwa sai da takardar shaidar cewa saran ba zai ƙarar da ita ba, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. A ƙarshen 2017 wata ƙungiyar bincike kan muhalli, EIA, ta fitar da rahoto cewa gumagumai sama da miliyan 1.4 daga Najeriya, masu darajar kusan dala miliyan 300, sun maƙale a tashoshin Sin saboda rashin takardu, sannan aka ba su takardun daga baya. Jami'an da abin ya shafa sun musanta aikata ba daidai ba. Amma a 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya, kuma a shekarar ne aka sa ta cikin jerin bishiyun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A 2022 aka faɗaɗa takunkumin zuwa sauran ƙasashen yankin.

A yi adalci, ba sandar sinuka ce ta cinye madobiya ba, kujeru da gadaje ne. Ko a eboni ma, abin da sanda ke ci kaɗan ne in aka gwada da kayan kiɗa da sassaƙa. Amma ciwon iri ɗaya ne da na Morishus da na haure. Wanda ya shiga daji ya kayar da bishiya, ya yi kasadar maciji da karaya, shi ne ya fi kowa samun kaɗan. Kowane hannu da gungumen ya wuce, kuɗinsa na ninkawa, har ya zama kujerar da kuɗinta zai sayi gida a Kazaure. Kuɗin mai sara ya ƙare a wata guda, kututturen kuma ya rage wa makiyayi da manomi. Kuma abin da zai ba ka dariya ya ba ka haushi, sandunan da ke rumfunanmu galibi masu araha ne 'yan Sin, baƙin da ke mariƙinsu fenti ne ko leda aka manna. In ta kwana biyu za ka ga yana ɓarewa. Nahiyar da ke da itacen gasken, ita ke wasa da na fenti.

Yanzu mu dawo gida. Ko kun san eboni yana da ɗan uwa na jini a gonakinmu? Kanya. A ilimin tsirrai zuriyarsu ɗaya da baƙin ebonin Kamaru, har wasu littattafan na kiran ta ebonin Afirka. Zuciyar tsohuwar kanya takan yi duhu, katakonta na da tauri, gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Tana son bakin rafi da gefen suri, ba ta zubar da ganye kamar sauran, kuma akwai mace akwai namiji, macen ce ke 'ya'ya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san zaƙinta, har Bahaushe ya ce kanya ta nuna biri ya karye. Ku dubi sunayen garuruwanmu ma. A ƙaramar hukumar Babura kaɗai akwai Kanya, akwai Ɗorawa. Kakanninmu da bishiya suke gane gari.

Mu a nan Gwiwa da Roni ba kwantenar Sin ce ke cin bishiyunmu ba. Gatarinmu ne, da murhunmu, da buhun gawayin da ake lodawa zuwa birni. Kuma ba wanda zai zagi mai saran, don gas ya fi ƙarfin talaka, tuwo kuma sai da wuta. Amma lissafin bai canza ba. Kanya ko kirya da ta yi shekaru masu yawa tana girma, rana ɗaya ta ishe ta zama gawayi. Jigawa na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma ruwan ba nisa yake ba, yana tsallaken iyaka. Bayan farin 1973 da na 1984, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. An yi ta dasa bishiyu suna mutuwa. Sai wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi a farkon shekarun 1980, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Tohon tsofaffin kututture ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce, in ka zo sassabe, ka zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture ka bar su, ka datse sauran, ka riƙa yi musu aski duk shekara. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, girmansu ya fi na dashe sauri, kuma ba ruwansu da ban ruwa. Manoman suka sa wa abin suna sassabin zamani. Maƙwabci ya gani wajen maƙwabci, har aka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da bishiyu kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya taɓa tsallakawa daga Babura zuwa Magarya ya ga yadda gawo ya rufe gonaki. Hausawa ne irinmu, ƙasa irin tamu, ruwan samansu ma bai kai namu ba.

Don haka abu biyu nake so mu tafi da su. Na farko, bana in za a yi sharar gona, a ce wa Baba ko Yaya a gwada barin toho ko da goma ne, kanya ce, gawo ne, kirya ce, aduwa ce. Ba ya cin ko sisi. Na biyu, ga matasanmu kafintoci, musamman masu haɗa teburan sinuka da kansu. Tarihin nan ya nuna kuɗin na wajen wanda ya iya busar da katako, ya fere shi, ya goge shi. Ɓalli huɗu na itace mai nauyi, waɗanda reshe ɗaya da aka datse zai iya bayarwa, sun isa mariƙin sanda guda. Wanda ya koyi wannan aiki da haƙuri, reshe ya ishe shi abin da wani sai ya kayar da bishiya sukutum zai samu.

A nan za mu dakata. Ku gaya mana, a garinku wace bishiya ce kuka taso kuna gani da yawa, yanzu kuma sai an yi tafiya kafin a ga guda? Ku tambayi tsofaffin gidanku, za ku sha mamakin sunayen da za su lissafo. A tura wa abokan rumfa su ma su karanta kafin layi ya zo kansu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.